Martin Offiah: Ɗan Asalin Nijeriya da Ya Ci Abinci da Gudunsa a Filin Zari-Ruga

A garuruwan da ke kan hanyar Suleja zuwa Minna, irin su Lambata ta ƙaramar hukumar Gurara inda hanyar Lapai da Bida ta balle daga babban titi, idan aka ce ƙwallo to ƙwallon ƙafa ake nufi, domin ita ce samari ke bugawa a filin makaranta bayan la'asar, ita ce kuma ke cika gidajen kallo a ranakun Asabar da Lahadi. Ƙwallon zari-ruga, wadda siffarta ta fi kama da gwanda kuma ake rungumarta a ƙirji a sheƙa da ita, baƙuwa ce ga yawancin mutanen wannan yanki, kuma wanda ya ci karo da wasan a talabijin yakan ɗauke shi rigima ce kawai ta ƙarti marasa tsoron karaya. Amma a cikin mutane ukun da suka fi kowa dire ƙwallo a tarihin wannan wasa a Birtaniya, ɗaya jinin Nijeriya ne, sunansa Martin Offiah, wanda ya dire sau 501 kafin ya yi ritaya, kuma mutum-mutuminsa na tagulla yana nan a harabar filin Wembley na Landan. Tarihinsa na tattare da wata tambaya da ta raba wasan gida biyu tun 1895, wato ko ya halatta a biya mutum ladan gumin da ya zubar a filin wasa.

Wasan ya samo sunansa na Turanci, ragbi, daga wata makarantar 'ya'yan masu hali da ke garin Rugby a tsakiyar Ingila, kuma a yau nau'i biyu ne masu hukumomi daban da dokoki daban. Akwai na 'yan sha biyar, wanda ake kira yuniyan, shi ne ya fi yaɗuwa a duniya kuma shi ne Afirka ta Kudu ta shahara da shi. Akwai kuma na 'yan sha uku, wanda ake kira lig, wanda ƙarfinsa ke arewacin Ingila da gabashin Ostireliya da kudancin Faransa da Niyu Zilan da Papuwa Niyu Gini. A nau'in lig, wanda shi ne fagen Offiah, ana yin minti 80 a filin da tsawonsa ya kai mita 100 tsakanin layukan ci biyu, kuma burin kowane ɓangare shi ne ɗan wasansa ya ƙetare layin abokan hamayya ya danna ƙwallo a ƙasa da hannunsa. Wannan shi ne direwa, wadda Turawa ke kira tirai, kuma tana kawo maki 4, sannan a ba ƙungiyar damar buga ƙwallon da ƙafa ta ratsa tsakanin dogayen sanduna biyu don ƙarin maki 2. Ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai dai baya ko gefe, saboda haka duk tazarar da za a ci sai an ci ta da gudu ko da bugun ƙafa. Wanda ke riƙe da ƙwallo halal ne a cafke shi a kayar, amma saɓanin kokawa inda faɗuwa ke kawo ƙarshen karawa, a nan wanda aka kayar tashi yake yi ya tura ƙwallon baya da tafin ƙafarsa ga abokinsa, masu tsaro kuma su ja da baya mita 10 a sake gwabzawa. Kamu shida ake ba kowace ƙungiya, idan ta cinye su ba ta dire ba sai ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, kuma wannan ƙidaya ita ce ta sa wasan ya zama mai sauri da ƙarancin hutu.

Rabuwar gidan biyu ba daga dokokin fili ta faro ba, daga aljihu ta faro. A ƙarshen ƙarni na 19 wasan ya shiga jinin mahaƙan kwal da ma'aikatan masaƙu da na tashoshin jiragen ruwa a yankunan Yorkshire da Lancashire, waɗanda ke aiki har ranar Asabar kuma ake biyansu gwargwadon lokacin da suka yi a bakin aiki. Wanda ya san rayuwar ɗan dako a kasuwar doya ta Lambata ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ranar da bai ɗauki kaya ba ranar ce tukunyar gidansa ba ta hau wuta ba, kuma idan ya karye a wajen wasa babu wanda zai ciyar da iyalinsa har ya warke. Ƙungiyoyin arewa suka nemi a yarda su riƙa mayar wa ɗan wasa ladan aikin da ya rasa, amma hukumar wasan ta Landan, wadda lauyoyi da likitoci da tsofaffin ɗaliban manyan makarantu suka mamaye, ta yi watsi da buƙatar a 1893 bisa hujjar cewa kuɗi na gurɓata wasa. A ranar 29 ga Agusta, 1895, wakilan ƙungiyoyin arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle, ƙungiyoyi 22 suka kafa tasu hukumar, suka amince a biya ɗan wasa har sule shida a madadin yinin da ya rasa. A 1906 suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13 domin fili ya buɗe, 'yan kallo su ga gudu da miƙe-miƙe, saboda kuɗin ƙofa ne kaɗai jarin ƙungiyar da ke biyan lada. Hukumar Landan ta mayar da martani da hukuncin da ya daɗe shekara ɗari: duk wanda ya buga wa ɓangaren lig, an haramta masa yuniyan har iyakar rayuwarsa.

Bahaushe zai yi mamakin wannan ƙyama, tun da a al'adarsa ba a taɓa ganin aibi ga ɗan dambe ko ɗan kokawa ya karɓi kyauta ba. Dambe sana'a ce da aka fi danganta asalinta da mahauta, waɗanda ke bin garuruwa bayan kaka suna gwada ƙwanji, masu hali na yi musu kari, makaɗa irin su Ɗan Anace na wasa jarumai irin su Shago, kuma har gobe a gidan damben Dei-Dei, wanda ba shi da nisa da Suleja, ana biyan kuɗin shiga ana kuma sallamar wanda ya yi kisa. Ra'ayin cewa wasa na gaskiya shi ne wanda ba a karɓi ko kwabo a kansa ba ra'ayi ne na wanda ya gaji gona da gida, kuma tarihi ya nuna cewa ko a ɓangaren yuniyan ɗin an daɗe ana cusa wa gwanaye kuɗi a ɓoye, musamman a yankin Wales, ana kuma rantsuwa a fili cewa babu wannan magana.

An haifi Martin Nwokocha Offiah a ranar 29 ga Disamba, 1965, a unguwar Hackney da ke gabashin Landan, iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne daga Nijeriya. Bisa ga tsarin yadda abubuwa suke, bai kamata ya taɓa sanin lig ba, domin Landan ba yankinta ba ne, kuma makarantar kwana ta Woolverstone Hall da ke kusa da Ipswich, wadda hukumar ilimi ta Landan ke kai yaran birni, yuniyan ake koyarwa a cikinta tare da wasan kurket, wanda shi ma ya gwanance a kai har ya buga wa ƙungiya ta biyu ta yankin Essex. Bayan makaranta ya shiga ƙungiyar Rosslyn Park ta Landan, inda ya yi suna a gasannin 'yan bakwai-bakwai, wato taƙaitaccen nau'in yuniyan da ake yi da mutum bakwai a kowane ɓangare a cikakken fili, wanda saboda yalwar sarari mai gudu ne ke cin kasuwarsa. A irin wannan gasa ta Middlesex ta 1987 ne Doug Laughton, mai horar da ƙungiyar Widnes, ya ƙyalla ido ya gan shi, ya kuma yi masa tayin kwantiragi. Karɓar tayin na nufin rufe wa kansa ƙofar buga wa Ingila wasan yuniyan, da barin Landan zuwa wani ƙaramin gari mai masana'antun sinadarai a bakin kogin Mersey, da koyon wasan da bai taɓa bugawa ba a gaban 'yan kallon da ba su da haƙuri da baƙo ɗan kudu. Ya sa hannu yana da shekara 21.

Matsayin da ya riƙe shi ne ɗan gefe, wato ɗaya daga cikin mutane biyu da ke tsayawa a bakin layin dama da na hagu, waɗanda aikinsu shi ne kammala abin da ƙartin tsakiya suka sha wahalar shiryawa. 'Yan gaba shida su ne ke cin duka, suna kutsawa cikin bangon masu tsaro kamu bayan kamu har ya tsage, masu rabon ƙwallo su karkatar da ita gefe, sannan ta iso ga ɗan gefe wanda sau da yawa bai fi taku biyu na sarari yake samu ba. A shekararsa ta farko, kakar 1987 zuwa 1988, Offiah ya dire sau 42, ya fi kowa a ƙasar, Widnes ta ɗauki kambun lig, shi kuma aka ba shi lambar gwarzon shekara wadda sunanta ke nufin mutumin ƙarfe. A kaka ta biyu ya dire wa ƙungiyar sau 58, ciki har da uku a wasan da ya raba gardamar kambu tsakaninta da Wigan, kuma a watan Oktoba na 1989 ya dire biyu a Old Trafford, filin da masu goyon bayan Manchester United suka sani sarai, lokacin da Widnes ta doke Canberra Raiders ta Ostireliya da maki 30 da 18 ta zama zakarar ƙungiyoyin duniya. Jimilla ya dire wa Widnes sau 181 a wasa 145, wato fiye da ɗaya a kowane wasa. Masu suka sun ce gudu kawai gare shi, kamunsa ba shi da ƙarfi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen a farkon zuwansa, sai dai masu gudu da yawa sun zo sun wuce ba su bar irin wannan lissafi ba. Abin da ya bambanta shi shi ne ba ya tsayawa a bakin layi yana jiran rabo, yakan baro gefensa ya bi sawun duk abokin da ya ga alamar zai fasa bango, ta yadda idan aka cafke wancan sai a tarar da shi a kafaɗarsa yana miƙo hannu, kuma wannan karatun wasa ne da hangen inda ƙwallo za ta kasance kafin ta isa.

'Yan jarida sun laƙaba masa suna Chariots, daga wani fim na 1981 mai suna Chariots of Fire wanda ke ba da labarin 'yan tsere, saboda yadda Turawa ke furta sunan mahaifinsa ya yi daidai da ƙarshen sunan fim ɗin. Laƙabin ya zauna daram, duk da cewa a kan gurɓataccen furuci aka gina shi.

Maganar lada tana buƙatar bayani, domin kalmar ɗan wasan sana'a a lig na wancan zamani ba ta nufin abin da take nufi a gasar Firimiya ta yau. Yawancin 'yan wasa suna da aikin yini, wani magini ne, wani direba, wani malamin makaranta, suna atisaye da dare sau biyu ko uku a mako, kuma abin da suke samu a wasa ya kasu biyu, ladan nasara da ladan faɗuwa, na farkon ya ninka na biyun nesa ba kusa ba. Wanda aka ɗauko daga yuniyan kamar Offiah, ko Jonathan Davies na Wales da ya biyo shi Widnes a 1989, akan ba shi kuɗin sa hannu mai kauri a matsayin diyyar ƙofar da ya rufe. Da yake a lokacin Ingila na wasa da hunturu, kuma hunturun Ostireliya na zuwa ne lokacin da Ingila ke hutu, gwanaye kan yi abin da ya yi kama da cin rani, su tafi Sydney su buga 'yan watanni su dawo, kuma ta haka Offiah ya buga wa Eastern Suburbs a 1989 da 1993, da St George a 1991. Jikin da ba ya hutawa shekara zagaye yana tara kuɗi, yana kuma tara rauni. A watan Janairu na 1992, bayan Laughton ya koma Leeds kuma dangantaka ta yi tsami tsakanin Offiah da Widnes, ƙungiyar Wigan ta saye shi a kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan wasan lig ba a duniya, kuma ba a zarce shi a tsabar kuɗi ba sai a 2006 da Wigan ɗin ta biya fam 450,000 a kan Stuart Fielden.

Masu kallon ƙwallon ƙafa a Nijeriya sun san Wigan ta dalilin Julius Aghahowa da Victor Moses, waɗanda suka buga wa Wigan Athletic, amma a wannan gari na kwal da auduga da ke tsakanin Manchester da Liverpool, zari-ruga ce uwar gida. A lokacin da Offiah ya isa, Wigan ta riga sauran ƙungiyoyi mayar da manyan 'yan wasanta cikakkun ma'aikata waɗanda ba su da wata sana'a sai atisaye, kuma sakamakon haka ya bayyana a fili, domin ta ɗauki Kofin Ƙalubale, gasar sili-ɗaya-ƙwale da aka saba kammalawa a Wembley tun 1929, sau takwas a jere daga 1988 zuwa 1995, ta kuma riƙe kambun lig sau bakwai a jere daga 1990 zuwa 1996. Offiah na cikin huɗun ƙarshe na waɗancan kofuna. A ranar 10 ga Mayu, 1992, a wasan kusa da na ƙarshe na wata gasar rufe kaka, ya dire sau 10 shi kaɗai a kan Leeds, aka tashi 74 da 6, da taimakon Gene Miles na Ostireliya wanda ke tsaye a kusa da shi yana jawo masu tsaro yana sakar masa ƙwallo. A wasa 159 da ya yi wa Wigan ya dire sau 186.

Direwar da aka fi tunawa da shi da ita ta zo ne a ranar 30 ga Afrilu, 1994, a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale tsakanin Wigan da Leeds. Wasa bai yi nisa ba, Wigan na maƙale a bakin layinta, inda hankali ke cewa a miƙa wa ƙato ya kutsa ya samo 'yan mitoci, sai Offiah ya baro gefe ya karɓi ƙwallon, ya ratsa tsakanin masu tsaro ya faɗa sarari. Saura mutum ɗaya a gabansa, mai tsaron baya Alan Tait, wanda suka yi shekaru tare a Widnes kuma ya san duk dabarunsa. Offiah ya karkata ciki kamar zai bi ta tsakiya, Tait ya ɗan tsaya don ya tare wannan hanya, kuma wannan ɗan tsayawar ita ce abin da ake nema, domin nan take ya koma waje ya bi gefen dama ya dire a kusurwa bayan ya ci kusan tsawon fili gaba ɗaya, sannan ya zube a kan gwiwoyinsa ya dafe kai. Wigan ta ci 26 da 16, ya ƙara direwa ta biyu, aka ba shi kyautar Lance Todd ta gwarzon wasan ƙarshe karo na biyu bayan wadda ya samu a 1992. Mai horar da Leeds a wannan rana shi ne Doug Laughton, mutumin da ya ɗauko shi daga Landan shekara bakwai kafin nan, kuma shi ne dai ya sha kashin direwa goman nan ta 1992.

Wannan ɗaukaka ba ta hana shi shan zagin launin fata ba, domin a filaye da dama 'yan kallo sun yi masa kukan biri sun jefe shi da munanan kalmomi, kuma shi da kansa ya danganta rawar murna da yake yi bayan direwa, wadda wasu ke gani girman kai ce, da mayar da martani ga masu zagin. Tare da haka, adalci ne a ce lig ta riga sauran wasannin Birtaniya buɗe wa baƙar fata ƙofa, ba don mutanenta waliyyai ba ne, sai don ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin ƙofa ba ta da halin ƙin gwani. Billy Boston, wanda ya baro Cardiff zuwa Wigan a 1953, ya dire sau 571. Roy Francis ya horar da Hull ta ɗauki kambu a shekarun 1950. Clive Sullivan ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci wata tawagar ƙasa ta Birtaniya a kowane irin wasa, ya kuma ɗaga Kofin Duniya a 1972. Ellery Hanley ya zama mai horar da tawagar a 1994. Ko daga 'yan asalin Nijeriya Offiah ba shi kaɗai ba ne, akwai Bright Sodje da ya buga wa Sheffield Eagles, ɗan'uwan Efe Sodje da ya je Kofin Duniya na ƙwallon ƙafa da Super Eagles a 2002.

A matakin ƙasa ya buga wa Birtaniya wasa 33 ya dire sau 26, biyar daga ciki a wasa guda da Faransa a 1991, sai dai ya zo a zamanin da Ostireliya ta gagari kowa, kuma ya sha kaye a hannunta a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Wembley sau biyu, 10 da 6 a 1992 da rigar Birtaniya, sai 16 da 8 a 1995 da rigar Ingila.

Shekarar 1995 ta sauya komai. A watan Afrilu kamfanin yaɗa labarai na Rupert Murdoch ya zuba fam miliyan 87 a wasan lig na Ingila, aka kafa sabuwar gasa mai suna Super League da ta fara a 1996, aka mayar da kaka daga hunturu zuwa bazara, kuma dukkan manyan ƙungiyoyi suka koma biyan cikakken albashi. A watan Agusta kuma, shekara ɗari cif bayan taron Huddersfield, hukumar yuniyan ta duniya ta halatta biyan 'yan wasa, haramcin nan na har abada ya faɗi. Offiah ya koma garinsu a 1996 ya shiga London Broncos, yana haɗawa da yuniyan a Bedford, aka ba shi lambar girmamawa ta MBE a 1997, ya dire ta farko a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na 1999 wanda Leeds ta rama tsohon bashi da maki 52 da 16, ya yi kaka biyu a Salford inda ya cika 500, sannan ya rufe da ƙungiyar yuniyan ta Wasps a 2002. Babban kuɗin ya iso ne lokacin da ƙafafunsa suka fara nauyi, kuma wannan ita ce ƙaddarar duk wanda jarinsa jikinsa ne, domin ɗan gefe da ya rasa taku ɗaya na saurinsa ya rasa abin da ake sayensa dominsa.

Sana'ar gajera ce, kaɗan ne ke ci gaba da yin ta bayan sun cika shekara 35 da haihuwa, kuma saboda akwai dokar da ta ƙayyade iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a kan albashi, ko manyan taurarin lig ba sa kusantar abin da matsakaicin ɗan wasan Firimiya ke samu, ballantana su tara abin da zai riƙe su har tsufa. Abin da ake fita da shi tabbas shi ne gocewar kafaɗa da lalacewar gwiwa da karayar haƙarƙari, sai kuma wanda ya fi su tayar da hankali a 'yan shekarun nan, wato illar yawan buguwar kai ga ƙwaƙwalwa, wadda ta sa tsofaffin 'yan wasa da dama suka kai hukumomin wasan kotu a Ingila, ta kuma sa aka kafa dokar fitar da duk wanda ya bugu a ka domin likita ya duba shi kafin ya dawo. Offiah na cikin waɗanda suka fita da sunan da za su ci gaba da cin abinci da shi, ya yi sharhin wasa a talabijin, ya shiga gasar rawa ta BBC a 2004, ya kuma shiga harkar wuraren cajin motoci masu amfani da lantarki. An sa shi a jerin manyan jaruman wasan a 2013, kuma a 2015 aka buɗe mutum-mutumin Wembley mai ɗauke da mutum biyar, shi da Boston da Eric Ashton da Alex Murphy da Gus Risman, inda aka sassaƙa shi a durƙushe kamar yadda ya yi a 1994. Ɗansa Tyler ya shiga ƙungiyar Bath don buga wasan yuniyan a kan albashi, abin da a zamanin ƙuruciyar uban zai jawo kora. Sai a 2025, bayan shekara 130, masarautar Birtaniya ta ba wani ɗan lig muƙamin Sir a karon farko, shi ne Billy Boston yana da shekara 90, alhali 'yan yuniyan da dama sun daɗe da samu.

A gida Nijeriya, nau'in 'yan sha biyar ne ya fara kafuwa, kuma a arewa an san ƙungiyar Barewa ta Kano da shi. Lig kuwa sabon shiga ne, kuma cikin waɗanda suka tsaya a kan kafa hukumarsa akwai Ade Adebisi, haifaffen Landan ɗan asalin Nijeriya, wanda ya buga wa Whitehaven da London Skolars wasan sana'a alhali yana ɗauke da cutar amosanin jini, wato sikila, cutar da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita kuma kusan kowace unguwa a ƙasar Hausa ta san raɗaɗinta. A watan Oktoba na 2019 aka yi gasar yankin Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legas tsakanin Nijeriya da Gana da Kamaru da Maroko, Nijeriya ta doke Maroko a wasan ƙarshe da maki 38 da 10, ta kuma sake ɗaukar kofin a Gana a 2022. Kayan wasan ba su da yawa, ƙwallo ɗaya da sanduna huɗu sun isa, kuma ƙarfin kamu da iya faɗuwa abubuwa ne da duk yaron da ya tashi yana kokawa a dandali ya riga ya koya. Babban cikas a wuri irin Lambata shi ne ƙasar kanta, domin filin makaranta na jar ƙasa da marmara, wanda ke bushewa ya yi tauri kamar daɓe daga Nuwamba har faɗuwar ruwa, ba wurin da za a kayar da mutum sau ashirin a yini ba ne. Saboda haka ne masu koyar da wasan a irin waɗannan wurare kan fara da nau'in taɓawa, wanda a cikinsa ɗora hannu a jikin mai ƙwallo ke zama a madadin kamu, a ƙirga shida kamar yadda aka saba, a bar kayarwa sai an samu fili mai ciyawa.